Tawa a Matsayin Zango: Ziyarar Malamai da Lissafin Kasuwa a Ƙasar Adar

A watan Disamba na 2015 ministocin yawon buɗe ido na ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC suka yi taronsu na tara a Yamai, kuma cikin abin da ya ɗauki hankalinsu har da yadda ƙasashen Musulmi za su ci moriyar 'yan'uwansu masu tafiye-tafiye. A shekarar ce kuma kamfanin Mastercard da wani kamfani na Singafo mai suna CrescentRating suka soma fitar da rahoton shekara-shekara da ke jera ƙasashe gwargwadon yadda suke karɓar baƙo Musulmi. Alƙaluman rahoton masu sa kwaɗayi ne. Ya ƙiyasta tafiye-tafiyen Musulmi zuwa ƙasashen waje a kan miliyan 160 a 2019, ya kuma yi hasashen za su kai miliyan 230 a 2028, da kuɗin kashewa dala biliyan 225. Duk mai otal ko mai motocin haya a Tawa da ya ji wannan lissafi, ba laifi idan ya tambayi ina rabonsa. Amsar da wannan rubutu zai kare ita ce rabon Adar yana nan, amma yana hannun maƙwabta: mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara da Maraɗi da Agadas, da Adarawan da ke dawowa daga biɗa. Dabarar da za ta ci ita ce wadda ta mai da birnin Tawa zangon da waɗannan baƙi za su kwana, kuma farkonta ƙidaya ce da ƙananan gyare-gyare kafin a kai ga manyan gine-gine.

Sai an fara duba abin da binciken yake aunawa. Rahoton yana ba ƙasa maki a kan abu huɗu: sauƙin shigarta, yadda take isar da labarinta ga baƙo, kwanciyar hankalin wurin, da hidimar da ake samu. A ɓangaren hidima ya sa abincin halal da wurin salla da banɗaki mai ruwa a sahun abin da ba makawa, sannan hidimar azumi da keɓe wa mata wurin hutawa su biyo baya. Da wannan ma'auni Malesiya ta daɗe tana kan gaba, Indunusiya ma ta kamo ta a 2023. To amma mai karatu a Tawa zai lura cewa yawancin abin da Japan ko Koriya ke kashe kuɗi don su samar, a nan kyauta yake. Naman mahauta halal ne, masallaci yana kowace unguwa, buta tana ƙofar kowane shago. Wannan abin godiya ne, sai dai ba ya jawo baƙo, domin a Maraɗi ma haka ne, a Katsina ma haka ne. Ɗan kasuwa ba ya yin fice da hajar da ke kowace rumfa. Abin da gari zai sayar shi ne dalilin zuwa, wato abin da ba a samu sai a can. Sannan matafiyin da rahoton ya fi gani shi ne mai fasfo da tikitin jirgi da ɗakin otal da aka kama ta intanet. Matar da ta shiga motar haya da ƙawayenta na Islamiyya, suka kwana a gidan wani malami suka koma, da wuya ta faɗa cikin wannan lissafi, alhali irinta ne mafi yawan maziyarta a ƙasar Hausa.

Nijar ta riga ta ɗanɗana abin da jingina da baƙon nesa yake haifarwa. Shekaru da dama Agadas tana cin abinci daga Turawa masu zuwa kallon duwatsun Ayar da hamadar Tenere, direbobi da 'yan jagora da maƙera da masu masauki duk suna samu. Da tawaye ya sake tashi a 2007, aka soke tseren motocin Dakar na 2008, aka shiga sace Turawa a yankin Sahel, sai kasuwar ta mutu kusan lokaci guda. Ko sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai dawo da ita yadda take ba. Baƙon da ya taso daga nesa gargaɗi ɗaya daga ofishin jakadancin ƙasarsa ya isa ya hana shi zuwa. Wanda yake jin harshen wurin, yake da dangi ko abokin ciniki a hanya, shi da kansa yake auna labari, ya san wace hanya ce ake bi da wadda aka daina bi.

Me Jihar Tawa take da shi da ba a samu a wani wuri? Na farko mafarin tarihin Sakkwato. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kafin iyalinsa su koma Ɗagel. Malamin da ya fi tasiri a kansa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a wannan yanki ya ƙare rayuwarsa, kabarinsa yana kusa da Madawa. Shehu ya zauna wajensa yana karatu, ya bi shi har Agadas, da malamin ya wuce hajji shi kuma ya dawo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Dubban mutanen da ke zuwa Hubbare a Sakkwato, inda aka rufe Shehu a 1817, da waɗanda ke wucewa Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ƙarshen labarin suke ziyarta. Farkonsa yana ƙetaren iyaka, tafiyar 'yan sa'o'i a mota. Ba sai an koya musu darajar wuraren ba, tun suna yara suke jin sunayen a bakin malamai da masu waƙen wa'azi.

Na biyu ginin ƙasa. A ƙauyen Yama, kusa da Badagishiri a kudu da Tawa, magini Falke Barmu ya ɗora masallacin Juma'a a 1962, mutanen gari suna kawo tubali da ruwa da itace kowa gwargwadon ƙarfinsa. Daga 1975 ya sake rufin da bakan gizo da ƙubba, ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, aikin ya kammala a 1982. A 1986 masallacin ya ci lambar Aga Khan ta fasahar gini, wadda ake ba fitattun gine-ginen duniyar Musulmi. A Dandaji ta yankin Illelar Adar akwai wani tsohon masallaci na hannun wannan maginin, wanda Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran suka gyara ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, ya kuma ci lambobin yabo a waje. Ɗaliban zanen gini a Turai da Amurka suna nazarin waɗannan masallatai biyu a littafi, yayin da mutane da yawa a Sakkwato ko Maraɗi ba su taɓa jin labarinsu ba.

Na uku yana arewa, kuma shi ne mafi ƙarancin sani. Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi a 1674, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Tun daga lokacin ƙasar ta zama mahaɗar Hausawa manoma da Abzinawa makiyaya, kuma cikin Abzinawan akwai kabilun malamai, irin su Kel Eghlal na wajen Abalak da Attawari, waɗanda gadonsu shi ne karatu da alƙalanci da rubuta littafi da hannu. Daga cikin Attawari ne Muhammadu al-Jilani ya fito a farkon ƙarni na 19, ya ja nasa jihadin a Adar da Azawak a zamanin da Sakkwato ke kafuwa. Can arewa a cikin Azawak akwai kufan In Teduk, tsohon mazaunin malamai mai ragowar masallatai da makabarta, wanda masu binciken kayan tarihi suka yi aiki a kansa. Wannan tarihi ba a ɓoye yake ba. Farfesa Djibo Hamani ya wallafa littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, jami'ar Tawa da aka kafa a 2010 kuma sunansa take ɗauke da shi yanzu. Abin da ya rage shi ne a fito da shi daga Faransanci zuwa bakin ɗan jagora da zai faɗe shi da Hausa da Tamashek.

Su wa za su zo? Kujerun hajjin da Saudiyya ke ba Nijar ba su kai 16,000 ba a shekara, kuɗin kujera kuma ya haura miliyan uku na sefa, a ƙasar da Jihar Tawa kaɗai ta haura mutum miliyan uku a ƙidayar 2012. Ziyarar Maratta ko Yama ba ta tsaya a matsayin hajji, ba wanda zai ce haka. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne akwai ɗimbin jama'a masu sha'awar tafiya don addini da ilimi waɗanda aljihunsu iyakarsa tafiyar kwana biyu ko uku. Akwai makarantun Islamiyya masu fitar da ɗalibai bayan sauka, akwai zawiyoyin Ƙadiriyya da Tijjaniyya, akwai ƙungiyoyin mata masu adashi. Tafiyar mata a ƙungiya don neman ilimi ma ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa, domin haka 'yan taru suke yi a da zuwa wajen Nana Asma'u 'yar Shehu, jaji tana gaba. Ga kuma Adarawan da ke Abijan da Kamaru da Libiya da biranen Najeriya, masu dawowa gida da kuɗi a hannu da 'ya'yan da aka haifa a waje, waɗanda ba su san ƙasar kakanninsu ba sai a baki.

A nan mai hankali zai kawo suka ta farko, kuma mai ƙarfi ce: kusan duk wuraren nan a kudu da Tawa suke. Wanda ya taso daga Sakkwato ya tsallako ta Illelar Amarawa zuwa Birnin Ƙonni, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, zai iya zuwa Maratta da Madawa ya koma gida ran nan, ko ya kwana a Ƙonni. Me zai kai shi Tawa, da ke da sauran kilomita 120 da ɗoriya? Gaskiya ne, kuma shi ya sa Tawa ba za ta samu matsayin zango don kawai ita ce babban birnin jiha ba, sai ta neme shi. Abin da take da shi na nema ba kaɗan ba ne. Yama da Dandaji suna janyo matafiyi arewa har ya kusa da ita. Tana da filin jirgi da tituna da masaukan da aka gyara ko aka gina don bikin Ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2017, wanda aka kira Tawa Sakola, kuma irin waɗannan gine-gine in ba baƙi lalacewa suke yi. Tana da kasuwar Lahadi inda Bahaushe da Buzu da Bafillace da Balarabe ke haɗuwa. Ita ce ƙofar Abalak da Agadas, wadda ke kimanin kilomita 400 a gaba. Abin da ya rage mata shi ne dalilin kwana na kanta: wuri ɗaya a cikin gari inda baƙo zai ga hotunan tsofaffin littattafan gidajen malaman arewa da izinin masu su, ya ga taswirar hanyar da Shehu ya bi, ya saurari malami bayan sallar isha'i. Wanda ya zo ya wuce, ruwan leda da tsire kawai zai saya. Wanda ya kwana sai ya biya ɗaki, ya ci abinci sau uku, ya hau kabu-kabu, ya sayi cuku da takalmin fata da tabarma ya kai tsaraba.

Tsarin kasuwancin da ya dace ba sai an aro shi ba. Fataken zamanin da suna da madugu mai ɗaukar nauyin ayari, da jagaba wanda ya san hanya, da fatoma mai saukar da baƙi ya haɗa su da masu ciniki. A yau kamfanonin jigilar alhazai suna iya tsayawa a matsayin madugu, tunda sun saba tara mutane da kuɗinsu da takardunsu, kuma watanni da yawa na shekara ofisoshinsu ba aiki. Kamfanonin manyan motocin da ke bin hanyar Yamai zuwa Tawa da Agadas suna da motoci da tasha. Gidaje masu ɗakuna biyu ko uku na baƙi, da banɗaki mai tsabta da sashen mata daban, sun fi dacewa da aljihun mai ziyara a kan otal mai hawa. Senegal ta nuna inda kuɗin yake. A Magal na Tuba, da ake yi ran 18 ga Safar don tunawa da fitar da Shehu Ahmadu Bamba zuwa Gabon a 1895, miliyoyin mutane suke taruwa, ba a karɓar kuɗin shiga, abinci ma sadaka ne, amma masana tattalin arzikin ƙasar sun ƙiyasta hada-hadar da taron ke motsawa a kan kusan biliyan 250 na sefa, ta hanyar sufuri da dabbobi da hatsi da tufafi da aiken kuɗi. A cikin Nijar ma Maulidin Kiyota a Jihar Doso yana cika ƙaramin gari da baƙi daga ƙasashe maƙwabta kowace shekara. Adar ba ta da shehi guda mai irin wannan jama'a, don haka ba za ta dogara da rana ɗaya ba. Nata rabon ƙananan ayari ne a jere, daga bayan girbi zuwa ƙarshen sanyi, kafin zafin Afrilu ya hana tafiya.

Suka ta biyu daga malamai take fitowa, kuma ba a tsallake ta. Akwai masu riƙe da hadisin da ya keɓe ɗaura niyyar tafiyar ibada ga masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus, suna ganin tafiya zuwa kabari ƙofar shirka ce. Tun kafa Izala a Jos a 1978 wannan muhawara ta shiga kowane gari a ƙasar Hausa, har da Tawa. Wasu malaman kuma suna kafa hujja da izinin ziyartar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a. Ba aikin ɗan kasuwa ba ne ya raba wannan gardama, kuma in ya gwada zai rasa rabin masu saye. Abin da zai yi shi ne ya tsara tafiyar a kan abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi: sanin tarihin malamai, ganin masallatai, sauraron karatu. Mai son tsayawa kabari ya yi sallama ya yi addu'a, ga hanya. Wanda bai yarda ba ya wuce ɗakin karatun Dandaji. Shehu Usmanu da kansa ya yi gargaɗi kan bidi'o'in da ake yi a kaburbura cikin littafinsa Ihya'us Sunna, saboda haka mai kula da wurin da ya hana ɗibar ƙasa ko shafar gini bai saɓa wa mai tarihin ba. Haka nan tsoron kada a mai da addini haja yana da magani mai sauƙi: kada a sa kuɗi a ƙofar masallaci ko kabari. A biya mota da ɗaki da abinci da wahalar ɗan jagora, kamar yadda alhaji ke biya ba tare da an ce ya sayi Arfa ba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, wato tsaro da iyaka. Ran 21 ga Maris na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, kuma arewa maso yammacin jihar ya daɗe cikin dokar ta-ɓaci. Gabashin Jihar Sakkwato ma yana fama da 'yan fashin daji. Duk wanda ya ce zai kwashi baƙi zuwa In Teduk a wannan hali wasa yake da rayukan mutane. Wannan ne ma ya ƙara wa shawarar zango ƙarfi: abin da ba a iya kai baƙo wajensa, a kawo labarinsa Tawa, a bar ayari a kan manyan hanyoyin kwalta da rana, bisa shawarar hukuma. Iyaka kuwa an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 har zuwa Maris 2024, faɗuwar naira kuma ta sa komai na Nijar ya yi wa ɗan Najeriya tsada. Wanda ya ci bashin banki ya gina otal yana jiran 'yan Sakkwato kaɗai, rufewa ɗaya za ta karya shi. Wanda ya fara da 'yan makarantun Tawa da Ƙonni da Maraɗi da Yamai, ya ɗauki baƙin ƙetare a matsayin ƙari, zai iya jure shekarar da aka rufe.

Duk wannan ya tsaya ne a kan sani, kuma nan ne aikin jami'a ya shigo. Jami'ar Djibo Hamani tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, ɗalibanta kuma kowace shekara suna neman abin da za su rubuta a kai. Littafin rajista a Maratta da Yama da Dandaji da kabarin Malam Jibrilu, na shekara guda cur, zai faɗi mutum nawa suka zo, daga ina, a wane wata, maza ko mata, ina suka kwana, jika nawa suka kashe, me ya dame su. Kuɗin wannan aiki bai kai na katangar otal ɗaya ba, kuma da shi ne mai jari zai san ko ɗaki goma zai gina ko rumfa da rijiya. Binciken ya kamata ya amsa wata tambayar kafin motoci su fara zuwa: nawa ne zai tsaya a ƙauyen? Masallacin ƙasa yana son yaɓe bayan damina, kuma mutanen Yama ne suke ɗauke da wannan nauyi tun 1962. A Jenne ta Mali ranar yaɓen babban masallaci ta zama biki da ke tara jama'a. Idan aka yanka wani kaso sananne daga kuɗin kowace kujerar mota ya tafi asusun masallacin a hannun dattawan gari, aka ɗauki 'yan jagora daga cikin samarinsu, mutanen wurin za su tsare baƙo kamar nasu. Idan kuwa ribar duka ta tsaya a Tawa da Yamai, ƙauye ya tashi da ƙura da leda, ba a daɗe ba za a rufe ƙofa, kuma da hujja. Don haka ma'aunin nasara biyu ne, kuma duka ana iya ƙirga su a ƙarshen kowane sanyi: dare nawa baƙi suka kwana a Tawa, da nawa ya shiga asusun ƙauyukan da aka je dominsu.